Motar da Ba Ta da Kujerar Baya: Nazari a Kan Wata Renault R26.R da Ta Faɗo Maradi

Kawuna ba mota ya je nema ba. Bashi yake bin wani abokin cinikinsa a Kwatano, bashin ya kwana biyu har zumunci ya fara tsami, daga ƙarshe mutumin ya ce tsabar kuɗi dai babu, amma ga mota. Wanda ya yi shekara talatin yana fataucin fatu da ƙiraga ya san tsohon bashi duk abin da ya fito daga cikinsa riba ce. Ya ce a ɗoro ta. Aka ɗoro ta bisa babbar mota tare da wasu, ta biyo Paraku da Malanbil, ta ƙetare gada zuwa Gaya, ta wuce Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ta sauka Maradi watanni kaɗan kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin da ya biyo baya.

Ranar da aka sauke ta, ran Kawu ya ɓaci. An ce masa Renault ce mai tsada. Abin da ya gani kuwa ƙaramar mota ce fara mai ƙofa biyu, bonet ɗinta baƙi ƙirin kamar na wata motar aka ciro aka liƙa mata, ƙafafunta jajaye. Ya leƙa ciki, babu kujerar baya, sai wasu ƙarafa da aka gicciya kamar akurkin kaji. Inda rediyo ke zama an toshe shi da marfi. Ya ƙwanƙwasa gilashin baya da yatsa, ya ji roba ce. Maimakon bel ɗin da kowa ya sani, igiyoyi shida ne suke haɗuwa a cibiyar mutum. Ya juya ya dubi direbansa ya ce, "Wanga mutum ya cuce ni. Sun cinye rabin motar kahin su aiko ta."

Dillalai uku suka zo cikin mako guda. Babu wanda tayinsa ya kai kuɗin tsohuwar Corolla 'yar Kwatano. Kuma in za a yi adalci, ba su yi ƙarya ba. Dillali a Maradi yana duba abu uku ne: mutum nawa za ta ɗauka, za ta jure hanyar Dakoro da ta ƙauye, sannan in ta lalace za a sami kayanta a gari ko sai an aika Katsina. Wannan mota mutum biyu take ɗauka, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, kuma Renault ce, a garin da Toyota ta riga ta cinye kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ba da shawara a kai ta wurin mai walda ya yanke ƙarafan nan, a nemo kujera a wurin 'yan gwangwan, ko ta zama mota.

Abin da ke cikin jakar takardu

Ni aka kira saboda na yi boko ina karanta Faransanci, kuma an tarar da wata jakar leda a but. Ciki akwai tsohuwar takardar mallaka ta Faransa wadda aka ja wa layi a tsakiya, yadda suke yi in an sayar da mota, da karnen garaji, wato littafin gyaran mota, mai hatimai, da rasiɗai tari guda, da takardun binciken lafiyar mota da doka ta sa a riƙa yi duk shekara biyu a can. Sunan da ke jikinsu duka ɗaya ne: Mégane Renault Sport R26.R. Na ɗauki lambar shasi, mai harafi da lamba 17 da ta fara da VF1 kamar kowace Renault ƙirar Faransa, na gwada ta takarda da ta jikin mota, suka yi daidai. A kusa da giya kuma akwai ɗan ƙaramin allo mai ɗauke da lambar wannan mota a jerin 'yan uwanta.

Daren nan ban yi barci da wuri ba.

Kamfanin Renault ya nuna motar ga duniya a Landan cikin Yulin 2008. Guda 450 kacal aka tsara ƙerawa, a masana'antar Alpine, reshen Renault mai ƙera motocin gudu, da ke garin Dieppe a Faransa. An ware 230 domin Birtaniya, masu sitiyari a dama, Faransa kuma ta sami 126. Sunan R26 na motar tseren Formula 1 ne wadda Fernando Alonso ya ci kambin duniya da ita a 2006. Injinta lita 2 ne mai turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ƙarfin doki 230, giya shida ta hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a ƙara wa injin nan ko doki ɗaya ba a kan na Mégane R26 da ta riga ta fitowa. Cire mata kaya kawai aka yi, har kilo 123, kusan buhun siminti biyu da rabi. Kujerar baya, rediyo, fitilun hazo, jakar iska ta fasinja, mafi yawan soson da ke hana ƙara shigowa, duk an fitar. Bonet aka yi shi da zaren kabon, gilasan baya da na but aka yi su da wata roba mai ƙarfi, kujeru biyun gaba na kamfanin Sabelt ne irin na tsere. Wato duk abin da Kawu ya lissafa a matsayin sata, masu ƙera ta ne suka cire shi da gangan, kuma wanda ya fara saye sai da ya biya ƙari a kan hakan.

Dalilin yana Jamus. Akwai wani filin tsere a tsaunukan Eifel, Nürburgring, da aka buɗe a 1927, zagayensa na arewa ya kusa kilomita 21, duk kwana da hawa da gangara cikin daji. Nan masu ƙera motoci suke zuwa gwada ƙwanji. Ranar 23 ga Yunin 2008 wani direban Renault, Vincent Bayle, ya zagaye shi da R26.R cikin minti 8 da daƙiƙa 17. In ka buga lissafi, kusan kilomita 150 ke nan a awa, a matsakaici, da kwanonin da komai. A lokacin babu motar kasuwa mai ja da ƙafafun gaba da ta taɓa yin haka.

Amma ta fito a mugun lokaci. Ƙarshen 2008 tattalin arzikin duniya ya durƙushe, mutane ba sa neman mota mai kujera biyu marar rediyo, har rabon Birtaniya bai ƙare a hannun masu saye ba. Daga baya ne aka gane ta. Renault ta sake yin irinta sau biyu, a 2014 guda 250 da ta yi zagayen cikin minti 7 da daƙiƙa 54, a 2019 kuma guda 500 da ta yi cikin minti 7 da daƙiƙa 40. A 2021 aka narkar da sashen Renault Sport cikin Alpine, a 2023 aka daina ƙera Mégane R.S. kwata-kwata. Gidan da ya haife ta ya rufe ƙofa. Adadin da ke duniya ba zai ƙaru ba, raguwa kawai yake yi duk lokacin da wani ya maka tasa a bango.

Ana cewa ganin kitse ake wa rogo. Mu a gidanmu ganin rogo muka yi wa kitse.

Da asuba, a hanyar Tsadawa

Ɗan Kawu na uku, ƙanena, shi ne tun ranar farko bai yarda an cuci babansa ba. Ya daɗe yana kallon irin waɗannan motoci a waya. Shi ya matsa sai na shiga in ji da jikina kafin in ba da shawara. Muka fita bayan sallar asuba, kafin 'yan kabu-kabu da adaidaita su cika gari.

Shigarta ma aiki ne. Gefen kujerar yana da tsayi kamar bakin kwarya, sai ka tattare riga ka ɗaga ƙafa ka faɗa ciki. Na ɗaure igiyoyin nan shida tsaf, sannan na miƙa hannu in rufe ƙofa, hannun bai kai ba, don igiyoyin ba sa sakin mutum ko taƙi ɗaya. Sai da na kwance duka, na rufe, na sake ɗaurewa, shi kuwa yana ta dariya yana cewa, "Yaya, ƙofa ake fara rufewa." Da ya tayar, ƙarar ba daga waje take zuwa ba, cikin ƙirjinka take. Kowace tsakuwa da taya ta ɗauka ta jefa wa cikin mota sai ka ji ta, tas, tas, kamar ana sheƙa gero a faranti. Hira sai da ɗaga murya.

Ban taɓa shiga motar da ke gaya wa mutum gaskiya irin wannan ba. Inda kwalta ta yi laushi ka sani, inda yashi ya hau ta ka sani, ta sitiyari da ta ƙugunka. A wata 'yar kwana ya taka mai tun bai fita ba, na zaci za ta zame waje yadda motoci masu ja da gaba suke yi, sai na ji ta ƙara lanƙwasowa ciki kamar an ja ta da igiya. Akwai wata na'ura a giyarta da ke hana ƙafar ciki yin juyin banza, ta tura ƙarfin ga wadda ta kama ƙasa. Birkin kuwa, na Brembo, da ya taka don wata amalanke da ta ɓullo daga gona, igiyoyin suka kama kafaɗuna har na ji su washegari.

Amalanken nan ita ce amsar duk tafiyar. Ba mu yi wani gudu ba, kuma ba za mu iya ba. Shanu, yara masu zuwa makarantar allo, mai babur da buhu uku, tudun rage gudu a bakin kowane ƙauye wanda sai an hau shi a karkace ana addu'a. Abin da muka taɓa daga cikin abin da motar ke iyawa bai kai rubu'i ba, sauran kuwa wanda ya neme shi a wannan hanya ran wani zai ɗauka. An yi ta ne domin wuri mai shinge, inda kowa gaba ɗaya ya nufa kuma motar asibiti na tsaye. Babu irin wannan wuri a Maradi. Muna da filin kokawa, muna da masu sukuwar dawaki, amma filin tseren mota sai ka tafi Sindia a Senegal, ko Marrakesh, ko Kyalami a Afirka ta Kudu. Duk da haka na sauko na gane abin da yaron yake so. Ba ƙarya yake ba.

Abin da gari ya riga ya ci

Kafin a buɗe jakar takardun nan motar ta yi kusan wata biyu a ƙofar gida, kuma wata biyun sun bar tabo.

Yaron da ke wanke motoci ya ga ƙura a gilashin baya, ya sa busasshen tsumma ya goge, kamar yadda yake yi wa kowace mota. Gilashi na jurewa, wannan roba ba ta jurewa. Ƙurar nan yashi ce, ta zana ta da'ira-da'ira, yanzu in rana ta bugo daga baya ba ka ganin komai sai hazo. Bonet kuma ya sha ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, shafen da ke kare zaren kabon ya fara yin fari-fari a tsakiya.

Wanda ya fi ciwo shi ne salansa. Wannan motar tana da ta ƙarfen titaniyam, wadda ko a sabuwarta sai an biya kuɗi daban. Direban Kawu ya hau tudun rage gudu kai tsaye, ta bugu, ta ɗan tsage. Ya kai wa mai walda a bakin hanya, shi kuwa ya sa sandar waldar da yake haɗa ƙofofi da ita. Titaniyam ba ya karɓar wannan, sai da walda ta musamman da ake lulluɓe wurin da iskar argon, in ba haka ba ƙarfen ya sha iska ya yi gautsi. Tsagar da ba ta kai ɗan yatsa ba ta zama tafin hannu. Ban ga laifin mai waldar ba, a rayuwarsa ba a taɓa kawo masa irin wannan ƙarfe ba, kuma ba wanda ya gaya masa.

Sai mai. An zuba mata na 'yan ruwa-ruwa sau biyu ko uku, daga kwalba. Inji mai turbo yana matse iska da mai sosai, yana son mai ƙarfi mai tsabta. In bai samu ba, kwamfutar motar tana jin ƙwanƙwasa ta rage ƙarfi don ta kare shi, amma kariyar tana da iyaka, musamman a zafinmu. Daga ranar muka ce sai gidan mai.

Muka kai ta wurin wani dattijon makaniki da ya koyi aiki a kan Peugeot 504, wanda ya san motocin Faransa tun ana yayinsu. Bai fara da inji ba. Ya durƙusa gaban taya ya nuna mini lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayoyin Toyo R888 ne, irin waɗanda rabinsu na tsere ne, zanensu bai cinye ba amma sun haura shekara takwas, sun bushe sun yi tauri kamar ƙirgi. Inci 18 ne kuma marasa kauri, ba irin da za ka tarar a rataye a shagon mai faci ba. Sannan ya cire ƙafa ya shafa farantin birki, ya nuna mini inda ya yi shuɗi-shuɗi da 'yan tsage-tsage kamar gashi.

"Wagga ta sha wuta," in ji shi. "An yi tsere da ita."

Rasiɗan sun gaskata shi. An canza takalman birki sau uku cikin tafiyar da motar gida ba za ta cinye ko guda ba. A nan ne na koyi cewa agogon kilomita ba ya faɗin gaskiyar irin wannan mota. Yini guda a filin tsere, inji na kururuwa birki na ja, ya fi wata da watanni na zuwa kasuwa cin ƙarfe. Sai dai rasiɗan nan kuma sun nuna mai ita na farko yana canza baƙin mai da man birki tun lokaci bai yi ba. Masu sayen irinta ba sa gudun wadda aka yi tsere da ita, don abin da aka yi ta domin shi ke nan. Wadda suke gudu ita ce wadda ba a san abin da aka yi da ita ba. Dattijon ya shiga ƙarƙashi da tocila ya bi shasi kusurwa-kusurwa yana neman alamar an taɓa miƙe ta bayan hatsari. Bai samu ba. Wannan shi ne labari mafi daɗi da muka ji a ranar.

Da aka zo maganar taimin bel, bel ɗin cikin inji da ke daidaita motsin fistin da bawul, sai ya miƙe ya goge hannu. Hatimin ƙarshe da ya ambaci bel ɗin ya haura shekara biyar da nisa, shi kuwa roba ne, shekaru na cinsa ko mota na tafiya ko tana kwance. In ya tsinke, fistin ya haɗu da bawul, inji ya tashi aiki. Kawu ya ce to a canza mana. Dattijon ya ce, "Alhaji, canzawa ba wuya. Amma wanga inji ba shi da maƙulli a jikin fulai, in ka kwance su sai su juya yadda suka so. Akwai ƙarhen da ake kahe su da shi. Ni ba ni da shi, kuma ba ni yin ƙiyasi da dukiyar mutane." Na daɗe ban ga makanikin da ya ƙi aiki don ya san iyakarsa ba. Yaransa suna ta zungurin juna, wai maigida ya ji tsoron ƙaramar mota.

Hanya uku, da lissafin kowace

Ta farko ita ce ta dillali: a yanke ƙarafa, a sa kujera, a ɗaga ta, a sa mata taya mai kauri. Ba ta buƙatar dogon nazari. Ka kashe kuɗi, ka wayi gari da tsohuwar Renault mai ƙofa biyu ta 2008 wadda har yanzu ba mai so a Maradi, kuma ka kashe wadda ake so a waje. Asara biyu a ciniki ɗaya.

Ta biyu ita ce ta ƙanena: a gyara a riƙe. A nan abin da mutane ba sa lissafawa shi ne irin wannan mota tana ci ko ba ta motsa ba. Bel na tsufa, taya na bushewa, man birki na shan danshi sai an zubar duk shekara biyu, igiyoyin kujera ma a ƙa'idar masu tsere shekara biyar suke yi. Ƙananan kaya kamar matatar mai da filogi da wasu na'urori tana tarayya da sauran Mégane na zamaninta, ana iya samu. Amma bonet da robar taga da kujeru da salansa na motocin da ba su wuce 450 ba aka yi, in ka ga ɗaya a kasuwa to wata ce ta mutu. Kuma duk da Yuro ake saye. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, saboda haka duk kayan Yuro 100 kusan jaka 66 ne tun bai hau jirgi ba, tun 'yan duwan, wato kwastan, ba su gan shi ba. Wanda ke da wadata kuma yana son abin don kansa, ba ni da ta cewa, mutane na kashe fiye da haka a kan doki. Amma doki a Maradi yana da inda zai yi sukuwa, yana da ranar hawan salla da za a gan shi.

Ta uku ita ce a fitar da ita inda aka san ta. Nan na yi kuskuren da ya kamata in faɗa. Na ga tallace-tallacen irinta a intanet, a Faransa da Ingila, na mayar da kuɗin sefa, kaina ya yi zafi, na ruga na gaya wa Kawu yana zaune a kan dukiya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Wannan kuɗɗin da ka gani, mai kaya ya faɗe shi ko mai saye ya biya shi?" Na yi shiru. Tayi daban, sallama daban, ɗan kasuwa ba ya haɗa su. Ga shi kuma motocin da na gani ba su taɓa barin hannun garejin Renault ba, kowace shekara da hatiminta. Tamu tana da rami a tarihinta: daga ranar da ta bar Faransa zuwa ranar da ta iso Maradi babu takarda ko ɗaya. Mai saye a Turai da ya ga wannan rami, ya ji kuma Afirka ta Yamma, zai zaftare kuɗi tun bai ga mota ba.

Ga kuma hanya. Ta Kwatano da ta shigo ta toshe, kaya sun koma bin Lome ta Burkina, tafiya mai nisa da tsada da fargaba. In ta isa Faransa, tunda ta wuce shekara uku a waje ba za a ɗauke ta a matsayin kayan gida da ya dawo ba, za a biya duwan kashi 10 cikin ɗari, a ɗora harajin saye kashi 20. A cire jigila, a cire gyaran da za a yi kafin ta ci jarrabawar lafiyar mota, a cire ladan wanda zai tsaya a can. Dutsen da na hango ya koma tsibi. Najeriya ga ta nan kusa, Abuja da Legas akwai masu kuɗi masu son irin wannan, amma a Janairun 2017 gwamnatinsu ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mota mai lamba a jerin 450 ba irin wadda ake ratsa daji da ita ta Jibiya da dare ba ce, don darajarta duka a takarda take.

Ƙanena ya kawo hujjar jira. Amurka ba ta barin a shigar da motar da ba a yi don kasuwarta ba sai ta cika shekara 25, wato daga 2033 sabuwar kasuwa za ta buɗe wa R26.R. Faransa kuma tana ba mota takardar kayan tarihi in ta haura shekara 30. Gaskiya ne duka. Tambayata ita ce wace irin mota za ta rage bayan shekara goma na hunturu da bazarar Maradi. Ni ra'ayina a yi mata gyaran da ya wajaba, a sayar wa wani a yankinmu, Abijan ko Dakar, wanda ya san abin da yake saye kuma ba sai an haye teku ba. Har yau ni da shi ba mu daidaita ba.

Abin da ya juyo da Kawu ba lissafina ba ne. Wata rana ina ƙoƙarin yi masa bayanin me ya sa zanen da ke robar taga ya rage kuɗi alhali mota na tafiya lafiya lau, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce in an yanka jar akuya, naman a nan ake cinye shi, kuma mahauci bai damu da ko ƙaya ta taɓa karce ta ba. Amma fatar ba a Maradi ake yanke mata kuɗi ba, masu jima na Kano da Turawan da ke bayansu su ke yankewa, su kuwa ɗaga ta suke yi a haske. Huda ɗaya ta wuƙa, ko a shanya ta a ƙasa cikin rana maimakon a rataye a inuwa, ta sauko daga lamba ɗaya zuwa lamba uku, ko da a idon mai akuya ba abin da ya same ta.

"Ashe fata ce," in ji shi. "Mi ya hana ka ce mini haka tun farko?"

A ranar ya karɓi makulli daga hannun direba. Jakar takardun ya sa ta cikin akwatin da yake ajiye takardun filaye. Tsohuwar salansar da aka ƙona ya hana a jefar, ya ce a naɗe ta a buhu, mai saye zai so ya ga ta asali ko da ta lalace.

Ta hannun wani abokin ƙanena aka sami wani mutum a Abijan. Bai tambayi launi ba, bai tambayi ko tana da sanyi ba. Ya ce a ɗauko masa hoton allon lamba, da lambar shasi, da ranar da ke jikin tayoyi, da kowane shafi na karne, da ƙarƙashinta daga gaba zuwa baya, da bidiyon tayar da ita da safe tun inji bai ɗumama ba. Aka aika duka ban da na ƙarshe, don dattijon makaniki ya ce kada a sake murza makulli sai an canza bel. Da mutumin ya ga salansa da taga ya yi tayi, wanda ya ninka na dillalan gari amma bai kai rabin abin da na taɓa faɗa wa Kawu ba. Kawu ya ce albarka. Mutumin ya ce a kira shi in an gama aikin bel.

An yi odar bel ɗin da ƙarfen kafe fulai ta hannun wani ɗan uwa da ke Lyon, za su biyo jakarsa in ya zo ganin gida. Kafin nan aka tura motar da hannu zuwa mangazar Kawu, aka ɗora ta a kan katako don tayoyi su huta, aka cire batir, aka lulluɓe ta da tsofaffin zannuwan gado. Kwana uku dattijon ya zo dubawa, ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska, ya dubi tarin fatun da ke gefe ya ce gishirin da ake zuba musu zai cinye cikin motar kafin damina ta fita. Aka sake turo ta zuwa ɗakin da ake ajiye aya da wake. Can kuma ɓeraye ne, su kuwa wayar mota suke fara ci. Yanzu akwai kyanwa biyu a ɗakin, ƙanena ne ke kai musu abinci, kuma ya kan daɗe bai fito ba.